Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Sakatare Janar na OIC kan zaitun ɗin Falasɗinawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Sakatare Janar, Ambasada Hissein Brahim Taha, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka a can Jidda. Ni talaka ne daga cikin al'ummar ƙasashe 57 ɗin da wannan ƙungiya ta Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, wato OIC, ke magana da yawunsu, kuma abu ɗaya ne yasa nake maka wannan rubutun, maganar bishiyar zaitun ce ta mutanen Falasɗinu. Nasan wani zai ce ana ta kai wa yake ta kaya, an kashe dubun dubatar mutane a Gaza, yara na kwana da yunwa a tanti, kai kuma ka zo kana maganar itace. Toh ranka ya daɗe ka ɗan yi haƙuri ka karanta, dan wallahi bishiyar nan ita ce ke riƙe da ƙasar a hannun masu ita, duk inda aka raba manomi da zaitun ɗinsa to ƙasar ta kama hanyar fita daga hannunsa kenan, kuma a iya bibiyata wannan ne wurin da OIC take da ikon yin wani abu da hannunta da aljihunta ba sai ta jira Kwamitin Sulhu ko Amurka ba.

An kafa ƙungiyar nan a Rabat a 1969 saboda wutar da aka sa a Masallacin Ƙudus, kuma tun lokacin duk taron da zaku yi sai an ambaci masallacin, hakan daidai ne, ba mai ja. Amma masallaci mutane ne ke tsare shi, mutanen kuma abin da ya zaunar da su a ƙauyukan da ke kewaye da Ƙudus da Nablus da Ramallah da Khalil da Jenin gonakinsu ne. Kusan rabin ƙasar noman Falasɗinawa zaitun ne a kanta, bishiya wajen miliyan 10, kuma a ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya iyalai tsakanin 80,000 zuwa 100,000 ne ke ci daga jikinta, wasu ita ce sana'arsu gaba ɗaya wasu kuma ita ce ke cike musu giɓi.

Ka duba yadda kakar zaitun take a wurinsu. Idan Oktoba ta kama aka samu yayyafin farko ya wanke ƙurar rani daga jikin ganye, gida gaba ɗaya ake fita, kaka da jika, ɗan da ke aiki a birni ya ɗauki hutu, yarinyar da ke jami'a ta dawo ƙauye, a shimfiɗa tamfol a gindin bishiya a kafa tsani, samari suna sama suna tsefe rassa da wani ɗan matsefi na roba 'ya'yan na zubowa ƙasa, tsofaffin mata na zaune suna tsince ganye da tsakuwa suna ɗurawa a buhu, gefe guda an ɗora shayi a kan rassan da aka datse. Gayya suke yi, yau a gama na wannan gobe a koma na wancan. Da yamma a loda buhuna a kai wurin injin tatsar mai na gari, a nan zaka ga magidanci ya tsaya har tsakar dare yana jiran layinsa dan baya so a haɗa masa nasa da na wani, man na fitowa kore shar da kauri yana ɗan kartar maƙogwaro ya yanki burodi ya dangwala a nan take. Sai a zuba a garwa garwa a fara kasafi, wannan ta gida ce ta shekara, wannan ta 'yar da aka aurar a wani gari, wannan ta ɗan'uwan da ke Amman ko Kuwait wanda ba a barinsa ya dawo ya zauna amma duk shekara sai man gonar ubansa ya je masa, ragowar a sayar a biya kuɗin makaranta da bashin mai shago, wani ma da shi zai yi wa ɗansa aure. Tuƙar da ta rage ita ake hura wuta da ita lokacin sanyi, da man ake yin sabulun Nablus da ya yi suna tun zamanin da, da sabon man ake yin musakhan, gurasa da albasa da kaza, a tara dangi a ci.

Mu da muka saba da gero da dawa, idan fitina ta hana mutum gonarsa bana, baɗi in Allah ya kawo sauƙi zai koma ya yi shuka ya girbe cikin wata uku huɗu. Zaitun ba haka yake ba. Dashe sai ya shekara huɗu ko biyar kafin ya fara 'ya'ya na kirki, kafin ya cika ya kawo kuma sai an haura shekara goma, akwai kuma tsofaffin bishiyoyi da suke kira Rumi waɗanda sun shekara ɗaruruwa, gindinsu mutum biyu uku basa iya zagaye shi da hannu. Shi yasa suke da wata magana da kowane yaro ya sani, sun dasa mun ci, muna dasawa su ci. Mutumin da ya wayi gari ya tarar an bi gonarsa da zarton inji cikin dare an kwantar da bishiya hamsin, abin da kakan kakansa ya bari ne aka gama da shi cikin awa biyu, kuma idan ya manyanta ya san ko ya sake dasawa ba zai ga cikarsu da idonsa ba. Akwai hoton nan na 2005 da ya zagaya duniya, wata tsohuwa daga ƙauyen Salim kusa da Nablus ta rungume kututturen zaitun ɗinta da aka sassare tana kuka, motar soja a bayanta. Duk wanda ya san abin da na faɗa a sama ba zai yi mamakin kukan nan ba. Ƙiyasin da hukumomin Falasɗinu da wata cibiyar bincike ta Baitalami suka fitar sama da shekara goma da suka wuce ya ce bishiyar zaitun kimanin 800,000 aka tumɓuke tun daga 1967, kuma daga lokacin zuwa yau ba a tsaya ba.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya da kyau ranka ya daɗe, dan nan ne asalin maganar. Akwai dokar filaye ta Daular Usmaniyya ta 1858 wadda har yau ake aiki da ita a Gaɓar Yamma da Kogin Jordan. A cikinta wanda ya noma fili shekara goma a jere yana samun haƙƙi a kansa, wanda kuma ya bar shi ba noma shekara uku a jere ba tare da uzuri ba filin na iya komawa hannun hukuma. Bayan mamayar 1967, a 1968 sojan Isra'ila ya dakatar da yi wa filaye rajista, a lokacin kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na ƙasar aka yi wa rajista, sauran duk gado ne da kowa ya san na gidan wane ne amma babu cikakkiyar takarda. Sai a 1979 kotun ƙolin Isra'ila ta yanke hukunci a shari'ar Elon Moreh cewa ba za a ƙwace filin mutum da sunan tsaro a gina unguwar 'yan kama wuri zauna ba, daga nan sai gwamnati ta sauya dabara ta koma kan waccan tsohuwar dokar, a ɗauko hotunan da jirgi ya ɗauka daga sama a ce ga shi wannan tudun ba a noma shi, dan haka ƙasar gwamnati ce. Da wannan hanyar aka ayyana dubban ɗaruruwan dunam a matsayin ƙasar gwamnati, dunam goma shi ne hekta ɗaya, kuma ƙungiyar Peace Now ta Isra'ila da kanta ta bankaɗo cewa cikin abin da aka raba daga irin wannan ƙasar abin da ya je hannun Falasɗinawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A tsakiyar 2024 kaɗai an ayyana dunam 12,700 a kwarin Jordan a tashi ɗaya, rabon da a ga irinsa tun yarjejeniyar Oslo tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa.

Kaga kenan yadda abin yake tafiya. A hana ka zuwa gonarka, ko da shinge ko da bindiga ko da takardar soja, ciyawa da ƙaya su cinye ta, shekaru su wuce, sannan a dawo a ce ai kai ka bar ta. Bishiyar da aka yi wa huɗa aka datse rassanta aka tsinke 'ya'yanta ita ce shaidar mai gona a gaban alƙali, ita ce ke fitowa a hoton sama. Masu sare ta sun san haka sarai. Kuma a watan Mayun 2025 majalisar ministocin Isra'ila ta amince a dawo da rajistar filaye a yankin C, wanda shi ne kashi 60 cikin 100 na Gaɓar Yamma, a ƙarƙashin ikonta, abin da lauyoyi da ƙungiyoyin kare haƙƙi ke tsoro shi ne duk wanda ya kasa kawo hujjar da ta gamsar da hukumar mamaya filinsa ya tafi har abada.

Ga kuma katangar nan da Isra'ila ta fara ginawa a 2002, wadda Kotun Duniya ta ce haramtacciya ce tun 9 ga Yulin 2004. Kusan kashi 85 cikin 100 na hanyarta a cikin Gaɓar Yamma ta ratsa, sai ya zama gidan mutum na wannan gefen gonarsa na wancan gefen. Sai ya nemi famit, sai ya kawo takardar gado, a ba uba a hana 'ya'yan da za su iya hawa tsani, ko a ba tsoho mai shekara saba'in shi kaɗai, ƙofofin gonar kuma yawancinsu lokacin girbi kawai ake buɗewa, na ɗan lokaci da safe da na ɗan lokaci da yamma, in ka makara ka kwana a can. Waɗanda gonakinsu ke kusa da unguwannin 'yan kama wuri zauna su kuma sai soja ya sa musu rana, kwana biyu ko uku a shekara, aikin da ke buƙatar sati biyu. Bishiyar da ba a yi mata huɗa ba a datse ta ba ta yaya zata yi 'ya'ya? Ofishin jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato OCHA, ya bibiyi irin waɗannan gonaki ya ga amfaninsu ya faɗi da fiye da rabi idan aka kwatanta da gonakin da ba a hana masu su shiga. A kakar 2023 ma gaba ɗaya aka rufe ƙofofin, sama da dunam 96,000 na zaitun ba a tsinke ba, asarar mai sama da ton 1,200, wajen dala miliyan 10, na mutanen da a daidai wannan lokacin aka soke musu izinin aiki a cikin Isra'ila.

Wanda ya samu ya isa gonar kuma da ransa a hannu yake aiki. Ranar 28 ga Oktoban 2023 a ƙauyen Sawiya kudu da Nablus wani ɗan kama wuri zauna ya harbe wani magidanci mai shekara 40 yana tsinkar zaitun da iyalinsa. A Oktoban 2024 a Faqqu'a kusa da Jenin soja ya harbe wata uwa mai shekara 59 a cikin gonarsu. A Oktoban 2025 a Turmus Ayya duniya ta ga bidiyon wani ƙato fuska a rufe ya sheme wata baiwar Allah da kulki a ka tana ƙasa yana ƙara mata, a garin nan ne dai ministan Falasɗinu Ziad Abu Ein ya rasu ranar 10 ga Disamban 2014 bayan jami'an tsaro sun tare su sun shaƙe shi a hanyarsu ta zuwa dashen zaitun. A wannan Oktoban na 2025 OCHA ta ƙirga hare-haren 'yan kama wuri zauna sama da 260, ba a taɓa samun wata mai yawan haka ba tun da ta fara ƙirga a 2006. A Agustan shekarar kuma soja ne da kansa ya shigo da katafila ƙauyen Mughayyir ya tumɓuke dubban bishiyoyi cikin 'yan kwanaki. Tun 2006 kotun ƙolin Isra'ila ta ce wajibi ne soja ya ba manoma kariya su shiga gonakinsu, amma ƙungiyar Yesh Din da ke bin diddigin ƙorafe-ƙorafe ta nuna sama da kashi 90 cikin 100 na fayilolin da 'yan sanda suka buɗe an rufe su ba a gurfanar da kowa ba. Garuruwan makiyaya irin su Wadi Siq da Khirbet Zanuta kuwa tuni aka tashe su a ƙarshen 2023.

Kuma kar a ga kamar mutanen nan basu san ƙarshen hanyar ba, sun sani, dan sun taɓa gani. A 1948 mutum sama da 700,000 aka kora ko suka gudu, ƙauyuka sama da 400 aka share, dokar da Isra'ila ta yi a 1950 kan dukiyar waɗanda basa nan ta kwashe gonakinsu har da na waɗanda suka matsa garin da ke kusa kawai. Mutanen Saffuriyya da yawansu suna nan a Nazarat, tafiyar 'yan kilomita, an dasa dajin itatuwan pine a kan kangon garinsu. A sansanin Baqa'a a Jordan da Ain Hilwe a Lebanon har yau akwai gidajen da ke ajiye da makulli da takardar fili ta zamanin Turkawa ko Ingila a cikin leda, jikan da bai taɓa taka ƙauyen ba zai gaya maka sunan rijiyarsu da yawan zaitun ɗin kakansa. Shi yasa manomin Burin ko Qusra ake dukansa yau gobe ya koma, ya ga abin da ya samu wanda ya ce bari in ɗan matsa kafin ƙura ta lafa.

Gaza kuwa mafi yawan mutanenta dama 'ya'ya da jikokin korarrun 1948 ne, kuma can ma ƙasar zaitun ce, akwai babbar unguwa a birnin Gaza da sunanta ma Zaitun. Binciken hukumar abinci da noma ta FAO da hotunan tauraron ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2025 ya nuna ƙasar noman da ta rage wadda bata lalace ba kuma ana iya isa gareta bata kai kashi 5 cikin 100 ba. Mutane sun sare bishiyar da suka raina da hannunsu dan su dafa wa yara abinci saboda ba gas. Idan ana lissafin sake gina Gaza ana maganar siminti da rodi, dan Allah a sa dashe da rijiyoyi da injin tatsar mai a cikin lissafin.

Akwai waɗanda suka tsaya kuma suna tsaye, kuma su ne hujjata cewa wannan aikin yana da amfani. A Walaja kusa da Baitalami, garin da aka kora a 1948 suka sake gini a ɗaya gefen kwarin sannan katanga ta zo ta kusa zagaye su, akwai bishiyar da suke kira Badawi wadda ake cewa ta shekara dubbai, har yau ana kula da ita tana 'ya'ya. Maƙwabtansu na Battir sun tsira da gonakinsu masu hawa hawa a jikin tudu bayan UNESCO ta sa garin cikin kayan tarihin duniya a 2014, kotu ta dakatar da ratsa katangar ta wurin, duk da yanzu ana ƙoƙarin kafa sabuwar unguwa a gefensu. Kusa da Nahalin akwai wani iyali Kirista da kakansu ya sayi tudu a 1916 ya yi masa rajista, a 1991 aka ce ƙasar gwamnati ce, tun daga lokacin suke kotu, sama da shekara talatin, a 2014 katafila ta zo ta binne musu ɗaruruwan itatuwan marmari suka sake dasawa, kuma har yau suna kan tudunsu. Abin da ya riƙe su takarda ce da lauya da baƙin da ke zuwa daga ƙasashe suna kwana a gonar. Zaitun ɗin Falasɗinu na Musulmi ne da Kirista, a Beit Jala da kwarin Cremisan ma Kiristoci ne katangar ta cinye wa gonaki.

Ba sai na karanto maka Wattini wazzaituni ba, ko ayar Suratun Nur da ta kira ta bishiya mai albarka, ko wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar da ya tura Sham cewa kar su sare bishiya mai 'ya'ya, ka fi ni sani. Attaura ma ta hana sare itace mai 'ya'ya ko a lokacin yaƙi, kuma akwai malaman Yahudawa na ƙungiyar Rabbis for Human Rights da duk kaka suke zuwa su tsaya tare da manoman nan, ana dukansu tare. Abin yana min ciwo in ga su a gonar, in ga jakadun ƙasashen Turai sun je sun tsaya a gonar, in duba in rasa wakilin ƙungiyarmu.

Toh abin da nake roƙo shi ne ku fara da sayen man. Falasɗinu a matsakaiciyar shekara wajen ton 20,000 take tatsa, ba wani abu bane a kasuwar ƙasashe 57. Alhazai kimanin miliyan 1.8 suka yi aikin Hajji a 2024, duk ana ciyar da su, ga masu Umara, ga buɗa baki na azumi a Harami biyu, idan aka ce wani kaso na man da za a yi wannan girkin daga ƙungiyoyin manoman Jenin da Salfit da Nablus zai fito, da kwangila ta shekara biyar da farashi sananne tun kafin girbi, manomi zai san wahalar da yake sha a ƙofar katanga tana da riba, ɗansa ma ba zai bar gona ya tafi neman leburanci ba. Mu nan ƙasar Hausa ba gidan da ba a san man zaitun ba, duk kantin magungunan Musulunci yana nan a jere da habbatus sauda da zuma, ana sha ana shafawa ana ruƙiyya da shi, amma in ka juya kwalbar ka karanta daga wasu ƙasashen yake zuwa, ban taɓa cin karo da na Falasɗinu ba, alhali da za a kawo shi da shaidar gaskiya mutane da gudu za su saya. Wasu 'yan sa kai a Ingila sun kafa kamfanin Zaytoun a 2004 suna shigar da man nan kantunansu, kamfanin Canaan da ke Burqin yana kaiwa Turai da Amurka, kenan hanyar tana nan duk da kowace garwa sai ta bi ta mashigar da Isra'ila ke riƙe da ita. A cire masa kuɗin kwastan a duk ƙasashen ƙungiyar, kuma ƙasashenmu da ke da hulɗar jakadanci da Isra'ila su yi amfani da ita wurin buɗe wa kayan hanya.

Sai lauyoyi da safiyo, kuma wannan ya fi komai gaggawa saboda rajistar da aka dawo da ita. Talakan manomi bashi da kuɗin ɗaukar safiyo ya auna masa fili, ko na lauyan da zai bi masa shari'a shekara da shekaru, ko na nemo tsohuwar takarda daga ma'ajiyar Istanbul da Ankara da Amman. Turkiyya mamba ce, Jordan mamba ce, kundayen suna hannunsu. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi yana nan tare da ku a Jidda kuma shi ke kula da Asusun Al-Aqsa tun 2000, akwai Baitul Malin Ƙudus a Rabat, akwai hukumar wadata abinci ta ƙungiyar a Astana. A ware wani kaso a rubuce da sunan kare filayen noma, a ba ƙungiyoyin lauyoyi da na manoma da dama suna wannan aikin a can, kuma duk shekara a wallafa mana dunam nawa aka auna, shari'a nawa aka shigar, nawa aka ci. Haka dashe, ƙungiyar kare muhalli ta APN da ke Amman tun 2001 take kamfen ɗin dasa bishiya miliyan, ƙungiyoyin matasa Kirista na YMCA da YWCA na Falasɗinu su ma suna nasu tun 2002, ba sai kun ƙirƙiro sabon ofishi ba, ku ƙarfafa su, kuma a haɗa da shinge da tankin ruwa da hanyar tarakta dan dashen da ba ruwa ba kariya rani ɗaya ke kashe shi.

Na ƙarshe a je gonar. Masar da Jordan da Turkiyya da wasunsu suna da jami'an diflomasiyya a Ramallah ko Ƙudus, a tsara musu jadawali daga farkon Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, kowace rana mota mai tutar wata ƙasa ta tsaya a ƙauyen da aka san ana kai wa hari, da kyamara da mai rubutawa. Ba zai hana komai da komai ba amma manoman da kansu suna faɗin ranar da baƙi ke wurin abin yana sauƙi. Abin da aka rubuta kuma a tattara shi gona gona da sunan gari da rana, a kai inda ya dace, tunda ranar 19 ga Yulin 2024 Kotun Duniya ta riga ta ce mamayar haramun ce kuma wajibi ne a mayar wa mutane filayensu da gonakinsu ko a biya su diyya, kuma OIC tana cikin waɗanda suka tsaya suka yi bayani a gaban kotun a waccan shari'ar. Ranar da za a zo biyan, wanda ke da lissafi shi za a saurara.

Ranka ya daɗe kai ɗan Chadi ne, ka san me ake nufi da a raba mutum da gonarsa, ka ga waɗanda suka tsallako daga Darfur, ka ga na bakin Tafkin Chadi. Taron Riyadh na 11 ga Nuwamban 2023 ya kafa kwamitin ministoci har da na Najeriya a ciki suka zagaya manyan biranen duniya, mun gani kuma mun yaba. Ina roƙon ka sa wannan maganar a ajandar taron ministocin harkokin waje mai zuwa a matsayin batu mai zaman kansa, da kasafinsa da wanda zai ɗauki alhakinsa da ranar da zai kawo rahoto. Dashe a can lokacin sanyi ake yinsa, daga Disamba zuwa Maris, neman famit ɗin girbi kuma tun kafin Oktoba ake farawa, dan haka kuɗin da ya zo bayan waɗannan watannin sai dai ya jira wata shekarar.

Allah ya yi maka jagora ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka. Ina sauraron abin da zai fito daga ofishinka.

Wassalam,
Ɗan'uwanka a Musulunci, daga Kano.